Daga Gizo Zuwa Samanja: Tarihin Masu Ba Labari Murya, da Yadda Muke Barin Su Suna Tafiya

'Yan uwa na Zungeru da kewaye, da waɗanda neman abinci ya kai su nesa amma suna leƙo wannan shafi. Tarihinmu na yau zai faro daga Amurka, ya ratso ta Kagara da Kaduna, sannan ya dawo gida. A yi haƙuri da tsawonsa.

A 1987 kamfanin Disney ya fara nuna wani katun mai suna DuckTales, labarin wani toron agwagwa, tsoho, attajiri kuma marowaci, da ake kira Scrooge McDuck, shi da jikokinsa uku. An yi kashi 100 kafin a tsaya a 1990. A 1989 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya mayar da labarin wasan gem a na'urar Nintendo. A wannan gem babu mai magana, sai kiɗa da ƙara da rubutu a jikin allo.

Bayan shekara 24, a watan Agustan 2013, aka fito da sabon gem ɗin, an sake zane, an kuma sa magana. Masu aikin suna da kuɗin ɗaukar kowane matashi mai tashe, amma sai suka koma neman mutanen da suka yi muryoyin katun ɗin tun 1987. Alan Young, mai muryar tsohon attajirin, yana da shekara 93 ya dawo gaban makirfo. June Foray, mai muryar matsafiyar da ke cikin labarin, tana da 95. Russi Taylor, wadda ita kaɗai ke yin muryar jikokin uku, ta dawo. Chuck McCann da Terry McGovern su ma sun dawo. Waɗanda suka riga suka mutu, irin su Hal Smith da ya rasu a 1994, su ne aka nema wa madadi.

Dalilin wannan wahala a fili yake. Yaran 1987 su ne magidantan 2013, kuma su za su sayi gem ɗin. Za su yafe idan an canza zane, amma kunnensu ba zai yarda da baƙuwar murya ba. Ga kuma abin lura: Alan Young ya rasu a 2016, June Foray a 2017, Chuck McCann a 2018, Russi Taylor a 2019. Da an jinkirta aikin da shekara shida kawai, da babu wannan haɗuwa.

To mu fa? Su wa suka yi mana muryoyin da muka tashi da su, kuma mun sake kiran su kafin su tafi?

Sana'ar ara wa labari murya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kafin rediyo, kafin majigi, tsohuwa ce ke yin ta a tsakar gida bayan an ci tuwon dare. Duk wanda ya zauna gaban mai tatsuniya ta ƙwarai ya san ba labarin kaɗai take bayarwa ba. Gizo yana da tsamin baki, dole a karya harshe idan an zo maganarsa. Kura muryarta kauri ne da ita da haɗama. Ƙoƙi kuwa a hankali take magana, irin ta matar da ta san halin mijinta. Mutum ɗaya ke yin su duka, ba fitila, ba hoto, yara kuma suna ganin komai da kunnensu. A waje kuma akwai 'yan kama masu kwaikwayon muryar malamai suna ba da fatawar tuwo da miya, akwai 'yan gambara a kasuwa, akwai yara masu tashe cikin azumi suna kwaikwayon tsoho da maigida da uwargida.

Lokacin da Turawa suka zo, wannan gari namu ne suka mayar hedikwatar Arewa a 1902, har zuwa lokacin da aka koma Kaduna wajen 1917. A cikin waɗannan shekaru ne jami'ansu suka dukufa tattara tatsuniyoyi don koyon Hausa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin kundi uku tsakanin 1911 da 1913. R. S. Rattray ya buga nasa a 1913, daga rubutun wani malami Bahaushe da ake kira Malam Shaihu a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Sun yi aiki babba, ba mai musu. Sai dai takarda tana riƙe kalma ne kawai. Tsamin bakin Gizo da ɗaga murya da sassauta ta, da dariyar yara a tsakani, duk sun zube a hanya. Haka tarihin Zungeru na wancan zamani yake: akwai rahoton Gwamna, akwai hotuna, akwai kufan gine-gine, akwai gadar Lugga da aka kwance aka kai Kaduna, amma maganar leburan da suka shimfiɗa layin dogo da sojojin bariki da matan da suka sayar musu da abinci ta tafi tare da su.

Wanda ya fi kowa gane darajar murya cikin marubutan farko maƙwabcinmu ne. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, tafiyar da ba ta da nisa daga nan idan aka bi ta Tegina. Bayan Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar rubutu ta 1933, ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga shi cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939. A duba wanda ya zaɓa ya zama gwarzon littafin: aku. Tsuntsun da ba shi da takobi, ba shi da dukiya, sai baki. Da labari ya riƙa tsare ɗan sarki dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya, da baki kuma ya kai matsayin waziri. Imam ya rubuta littafin ne yadda za a karanta shi a bayyane, shi ya sa har yau idan aka karanta shi a aji ko a rediyo yake zama daram a kunne. Shi ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, jaridar da mutum ɗaya kan karanta wa jama'a a zaure saboda ƙarancin masu boko. Ya rasu a 1981.

Daga nan sai majigi. Motar gwamnati kan zo gari, a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar hakimi, a haska fim kan noma ko tsabta ko zaɓe. Yawancin finafinan ba da Hausa aka yi su ba, don haka akwai mutumin da ke riƙe da lasifika yana bayani, yana sa wa mutanen cikin hoto magana, yana ƙara nasa gishiri. Idan mai bayanin gwani ne, fim ya yi daɗi. Idan ba gwani ba ne, jama'a su watse. Waɗannan su ne kakannin masu fassarar fim na yau, kuma sunayen akasarinsu sun ɓace. Dattawa har yanzu suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koyar da noman zamani.

Rediyo ne ya mayar da murya sana'a mai albashi. Sashen Hausa na BBC ya fara a watan Maris na 1957. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, wanda ake kama shi a gajeren zango har ƙasashen maƙwabta. A rediyo ba a ganin fuska, ba a ganin riga. Ɗan wasa ko ya iya da murya ko bai iya ba. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jin su kafin su zama littattafan da aka karanta a makarantu. Haka Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Akwai kuma Duniya Budurwar Wawa, wanda manya ba su manta ba. Mutane kan daidaita aikinsu da lokacin waɗannan shirye-shirye, mai shayi ya ƙara murya, masu wucewa su tsaya.

Cikin waɗanda wannan gida ya fitar, babu kamar Usman Baba Pategi, wato Samanja. An haife shi a 1942, Banufe ne ɗan gidan sarautar Patigi. Ya yi aikin gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya kuma fito da abin da ya gani a bariki ya mayar da shi wasa. Samanja Mazan Fama ya yi shekaru ana jin sa a rediyo ana kallon sa a talabijin. Abin da ya riƙe mutane shi ne harshensa: Hausar bariki, gauraye da Turancin buroka, da tsawa irin ta fareti, da saukowa nan take idan ya ga na gaba da shi. Wannan Hausa tana da tarihi, kuma garinmu na cikinsa. Tun zamanin rundunar Turawa ta farko, Hausa ce harshen da ya haɗa sojoji Nufawa da Gwarawa da Tibi da Barebari da sauransu, Zungeru kuwa na cikin barikokin farko da aka yi wannan cuɗanya. Samanja ya ɗauki harshen da ake yi wa dariya, ya sa aka so shi. Ya kuma nuna cewa ba sai an haifi mutum a Kano ko Katsina ba zai zama muryar Hausa, abin da mu mutanen Jihar Neja muka sani tun tuni.

Da aka kafa NTA a 1977, talabijin ya ƙara faɗi. A Kaduna Ƙasimu Yero, ɗan Zazzau, ya yi suna a Karambana, ya fito a Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin, duk Najeriya kuma ta san shi da Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn na farkon shekarun 1980. A Jos akwai Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara. A Kano, tsakanin NTA da CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, an yi su Kuliya Manta Sabo da Hankaka da Ɗan Magori. Wanda ya yi yarinta a shekarun 1980 ya san yadda ake cika ɗakin maƙwabci mai talabijin, yara a ƙasa, manya a kujera, wasu ta taga. Yau idan ka kwaikwayi maganar ɗaya daga cikinsu a majalisa, kafin ka rufe baki wani zai faɗi sunansa. Fuskar ta dushe a zuciya, muryar tana nan.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kasuwar finafinan bidiyo ta buɗe. Matasa suka karɓi fage, waƙa da rawa suka shigo, gidajen gwamnati kuma kuɗin shirya wasa ya ja baya. Wasu daga cikin tsofaffin sun samu shiga, ana ba su matsayin uba ko sarki ko alƙali. Abin da ba mu saba yi ba shi ne irin na 2013 ɗin nan: a ɗauko tsohon shiri da mutane ke ƙauna, a sabunta shi, a ce wa masu shi na asali su zo su maimaita muryarsu a biya su. Ga shi kuwa aikin murya shi ne wanda tsufa bai cika hanawa ba. Tsohon da ba zai iya tsayuwar awa goma gaban kyamara ba zai iya zama kan kujera ya yi magana.

Sana'ar kanta ba ta mutu ba. Tun farkon shekarun 2010 fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta zama babbar kasuwa, Algaita a Kano na cikin waɗanda suka fi suna. Tashar Arewa24 da ta fara a 2014 ita ma tana nuna shirye-shiryen waje da aka sa wa muryar Hausa. Akwai matasa da suka ƙware sosai, suna sa wa jarumin Indiya karin magana da ba'a irin ta bakin tasha har ka manta ba Bahaushe ba ne. Wato muna da ɗakunan ɗaukar murya, muna da gwanaye, muna da masu saye. Labaran da ake sa wa muryar ne na wasu. Gizo da Ƙoƙi da aku na Imam suna nan suna jiran mai zana su, yaranmu kuma suna kallon katun na Turanci da Larabci da Indiyanci a waya.

Lokaci kuwa bai jira ba. Rabilu Musa Ibro, wanda muryarsa kaɗai kan sa mutum dariya kafin ya ga hoton, ya rasu a Disambar 2014. Ƙasimu Yero ya rasu a Satumbar 2017. Samanja ya rasu a Kaduna a Nuwambar 2023 yana da shekara 81. Karkuzu ya rasu a Jos a 2025, bayan ya yi fama da makanta da rashi, har sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah ya jiƙan su da rahama. Duk wanda zai yi katun na Samanja yanzu, sai dai ya nemi mai kwaikwayo.

Sai dai idan an adana muryar. A nan akwai misali biyu masu ƙarfafa gwiwa.

Na farko namu ne. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Shekaru da yawa ana ɗauka fim ɗin ya ɓata. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a 2018. Mutanen da suka yi magana a gaban kyamara shekara 42 da suka wuce, aka sake jin Hausarsu tas. Abin da ya cece shi kawai shi ne ba a zubar da gwangwanayen ba.

Na biyu daga Ingila yake. Tsakanin shekarun 1960 da 1970 BBC da kanta ta riƙa goge kasakasan tsofaffin shirye-shirye tana ɗaukar sababbi a kai, saboda kaset na da tsada. Cikin abin da ya salwanta har da kashi sama da 90 na shirin Doctor Who, wanda aka fara a 1963. Hoton ya tafi, amma sautin kowane kashi yana nan, domin wasu masu kallo, yawancinsu matasa, sun riƙa ɗaukar sautin a rikodarsu a gida. Bayan shekaru BBC ta karɓi waɗannan kasakasai, ta sa aka zana katun a kan muryoyin asali, aka sake fitar da wasu daga cikin labaran. Babban gidan watsa labarai ya yar, yaran unguwa suka tsince. Idan haka ta faru a Landan, ba abin mamaki ba ne a ce wani shirin rediyon Kaduna da ya ɓace daga ma'ajiya yana kwance cikin kwalin kaset a ɗakin wani dattijo a Zungeru ko Wushishi ko Minna.

Saboda haka ga abin da ke hannunmu, ba sai mun jira gwamnati ko kamfani ba.

Duk mai tsohon kaset na rediyo ko na bidiyo a gida, kada ya zubar, kada ya bar shi a rana ko inda damshi ke taɓa shi. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, kuma na'urorin kunna shi suna ƙarewa. A nemi mai rikoda mai aiki, a juye shi zuwa waya ko kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri biyu.

Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida, wayar da ke aljihunsa ta fi na'urar da aka ɗauki Samanja da ita a farkon aikinsa. A nemi izininsu, a zauna a ɗaki marar hayaniya, a fara da faɗin suna da gari da kwanan wata, sannan a bar su su yi magana ba tare da katse su ba. A tambayi Iya ko Kaka tatsuniya, a roƙe ta ta yi ta da muryoyinta yadda take yi wa yara, kada ta taƙaita don kunyar waya. A tambayi Baba labarin tashar jirgin ƙasa lokacin da take tashe, da ranar da majigi ya zo, da shirin da ya fi so a rediyo. Wanda harshensa Gwaranci ne ko Nufanci ko Kamukanci ko Fulatanci, a ɗauka da harshensa. A ba da muhimmanci ga mutanen ƙauyukan da aikin madatsar ruwan Zungeru ya tasa daga mazauninsu, domin labarin wuri yakan bi wurin idan waɗanda suka zauna shi suka ƙare. Littafin Baba of Karo, wanda masana a duniya ke karantawa tun 1954, ba komai ba ne illa hirar wata tsohuwa Bahaushiya da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna ta rubuta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Ita da alƙalami ta yi, muryar Baba ba ta iso gare mu ba. Mu muna da abin da ba ta da shi.

Ga matasanmu masu zane a kwamfuta da masu haɗa gem da masu ɗakin ɗaukar sauti a Minna da Kaduna da Kano: tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin ba su ƙare ba tukuna, maza da mata. Wasu na zaune a gida ba mai neman su. Kafin ku ba abokinku muryar sarki ko ta kaka a aikinku, ku tambaya ko akwai wanda ya yi shekara talatin yana wannan aiki. Ku je ku gaishe shi, ku yi ciniki, ku biya shi haƙƙinsa, ku rubuta sunansa a jikin aikin. Za ku samu Hausar da ba a koyarwa a makaranta, shi kuma zai samu abin cefane da sanin cewa ba a manta da shi ba.

Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Alan Young ya shiga ɗakin ɗaukar murya yana da 93, shekara uku bayan haka babu shi. Wanda ke da tsoho a gida ya san lissafin da kansa.

Wanda ya tuna wani shiri ko wani ɗan wasa da ba a ambata a nan ba, ko yake da tsohon kaset a ajiye, ya faɗa mana a ƙasa domin a ƙaru da juna. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya.